Fitilar Keken Gali

Sallama gare ku masu bin labarin nan tun daga farko, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Sunana Zaituna, 'yar Malam Dabo tela. Abin da nake ba ku ya faru ne a Riyad a shekarar 1977, lokacin da kuɗin fetur ya sa duk inda ka juya a garin rami ake tonawa ko bene ake ɗorawa. An zo da ni ƙasar ina goye, na girma a unguwar Shumaisi, har Larabci ya so ya fi Hausa zama a bakina sai da Inna ta sa mini ido. Ina aikin tafinta a wani ƙaramin asibitin haihuwa, ina tsayawa tsakanin matanmu da ma'aikatan jinya Turawa, a can na tsinci ɗan Turancin da nake ji.

Ga halin da ake ciki a gidanmu. Idon Baba ya fara gaza zura zare a allura, ya yanke shawarar shi da Inna za su koma Katsina kafin azumi, tafiyar da ba dawowa. Ni kuwa sunana a kan iƙamarsa yake, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ranar da ya fita, ko dai in bi shi garin da ban sani ba sai a bakin Inna, ko sunana ya koma kan iƙamar miji. Mijin kuma akwai shi. Gali ne, direba a wani kamfanin gine-gine na Turawa, mai ɗaki a unguwar Gubaira, dogo, mai wushirya da sanyin magana. Ina son sa, ba zan yi muku kara ba. An tsayar za a ɗaura aure a farkon Rajab, a mai da sunana kan takardarsa, su Baba su tafi da kwanciyar hankali.

Ana cikin haka, wata Alhamis bayan la'asar ina jiran ƙarar motar kamfani a bakin lungu, sai na ji ƙararrawar keke. Na leƙa ta 'yar tagar ɗakinmu. Gali ne a kan wani baƙin keke, ya tattare farar jallabiyarsa ya cusa a wando, gumi ya jiƙe masa baya sharkaf, yaran Yamanawan maƙwabta na bin sa suna kiran “sikil, sikil”. Mutumin da yake tuƙa mota mai na'urar sanyi. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Na yi maza na sauya zuwa atamfata mai ruwan ganye, na yafa farin mayafi, na ɗan goga turaren wuta a gefensa. Zancenmu ba irin na Katsina ba ne da ake fita ƙofar gida. Gali zai zauna a ɗakin baƙi inda Baba ke ɗinki, ni kuma in ɗora kujera 'yar tsugunno a bayan labulen ƙofa. Baba yana taka kekensa na ɗinki kamar ba ya ji, alhali ko tari na yi ya san da shi.

“Ina motar?” na tambaya bayan mun gaisa.

“Tana sharika, can wajen aiki. Horo nake yi.”

“Horon me? Kokawa za ka shiga?”

Ya yi dariya. “Hutu zan je, Zaituna. Mista Morison, injiniyan da nake tuƙawa, shi ya gayyace ni garinsu. Wani tsibiri ne a Sikotland, Luwis ake ce masa. Ya ce in zo mu zaga shi a kan keke, 'yan makonni kaɗan. Da an ɗaura aure in tafi, kafin Sha'aban na dawo, sai ki tare.”

Masu karatu, ku taya ni ji. Hutu a wajenmu shi ne mutum ya cika akwati da shadda da rediyo da dabino ya je ya gai da uwarsa. Wa ya taɓa jin ɗan Hausa ya ƙetare teku don ya wahalar da cinyoyinsa? Kuma sabon ango, wanda ko lallen amaryarsa bai gani ba. Na saurara in ji Baba ya tanka. Ya ciji zare kawai ya ce, “Tafiya mabuɗin ilimi ce.”

“Kafilinka ya yarda?” na ce. Kafili shi ne ubangidan da ke riƙe da fasfon mutum, ba ka fita ƙasar sai da sa hannunsa.

“Ya yarda. Za a buga mini fita da dawowa.” Ya turo wata takarda mai ninki da yawa ta ƙarƙashin labule. “Taswirar wurin ce. Kin taɓa ce mini akwai wata Sista a wajen aikinku 'yar can. Ki kai mata ta nuna mana hanyoyin keke masu kyau. Mista Morison ya daɗe rabonsa da gida, ya ce hanyoyin sun sauya.”

Na buɗe. Kore da shuɗi ne ko'ina, ƙananan tafkuna birjik kamar an watsa gero, sunayen garuruwan kuwa ko Bature ma sai ya yi bismillah kafin ya karanta.

Da zai tafi na sake komawa taga. Ya durƙusa yana ɗaure wani abu a jikin tayar gaba, ya juya ta da hannu, sai ga fitila ta kama a kan keken da rana tsaka. Irin mai ɗan inji ce da ke goga taya ta ba da wuta. Ya ɗago ya hango inuwata.

“A kasuwar Batha na saya,” ya ce ƙasa ƙasa, yana murna kamar yaro. “Keken da za a ara mini a can ba shi da fitila. Da ita zan tafi.”

Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida na je na zube kusa da ita. Ashe duk ta ji zancenmu, amma ba ta ɗago ba.

“Shi Baturen nan yana da ƙanwa?”

“Inna, ina zan sani?”

“To ki sani. Namiji ba ya tuƙa keke zuwa inda ba kowa.”

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen wake. Kwana biyu ina zana Baturiyar a raina, na ba ta jan gashi da dogayen ƙafafu, na ɗora ta a kan keke tana dariya a gaban Gali, iska na ɗaga mata siket. Har haushin kaina nake ji, ina kishi da matar da ni na ƙirƙire ta.

Ranar Asabar na koma aiki da taswirar a cikin jakata, ƙarƙashin abaya. Ku 'yan yanzu da waya ke hannunku ba za ku gane ba. Waya guda ce a asibitin, baƙa, mai nauyin dutsen niƙa, a kan teburin mai karɓar baƙi. Gali yakan kira daga ofishinsu dab da azahar in Turawan sun fita cin abinci, ni kuma in tsaya ina amsawa da “na'am” da “tayyib” kamar da wani mijin mai jego nake magana.

“Kin kai mata?”

“Yanzu zan kai.”

“Yauwa. Ki ƙara da wata 'yar tambaya. Akwai wata hanya da ta fita daga babban garin ta zagaya bakin ruwa ta yi kudu, zuwa wani ɗan tsini da ke fuskantar garin. Ki ji mini ko keke na bin ta, da tsawon lokacin da take ci.”

“Me ke can?”

“An ce wurin yana da kyau.”

“Wa ya ce?”

“Zaituna, ga mudir, shugaban ofis, nan ya shigo. Sai anjima.”

Ƙit. Na tsaya da kan wayar a hannu ina jin zuciyata na cewa, can gidan su jan gashi yake.

Sista Morag mace ce gajera mai kauri, ta manyanta, hannunta ya karɓi 'ya'yan rabin matan Shumaisi. Na same ta a ɗakin hutu ta cire takalma ta miƙe ƙafafu a gaban fanka tana shan shayi. Da ta ga taswirar sai ta ajiye kofin, ta goge hannu a jikin farar rigarta kafin ta taɓa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Muna magana rabi Turanci rabi Larabcinta mai karyayyen baya, ga abin da ta ce da Hausa.

“Wa zai je? Ke?”

“Wanda zan aura. Hutu zai je, a kan keke.”

“Ya iya zaɓe. To bari ki gani.” Ta ciro fensir daga gashinta. “Abu na farko, ki ce masa iska ce sarauniya a can, ba tudu ba. Yawanci daga kudu maso yamma take busowa. In ya fara daga kudu ya yi arewa za ta tura shi kamar uwa na tura ɗa makaranta. In ya yi akasin haka, zai tsine wa ranar da aka ƙera keke.”

Ta ja layi daga babban garin, wanda ta ce sunansa Sitonowe, ya ratsa wani fili ya faɗa yamma. Nan, in ji ta, ba bishiya ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai laima da mutane ke yankawa su shanya su hura wuta da ita. A ƙarshen hanyar akwai wasu dogayen duwatsu da mutanen farko suka kafa a tsaye, ba wanda ya san dalili. Ta ja wani layin ya bi gefen teku ya yi arewa, ta wuce ƙauyukan masaƙa, ta ce a nan yana iya ƙwanƙwasa kowace ƙofa ya roƙi ruwa, za a haɗa masa da shayi. Ta zagaye wani wuri can yamma ta ce rairayinsa ya fi na hamadar nan fari, amma hanyar tana da hawa, kada ya fara da ita sai ƙafarsa ta saba.

“Hanyoyin sirara ne, mota ɗaya ke wucewa. In ya ji mota a baya ya raɓe a ɗan faɗin da aka tanada, ya ɗaga wa direban hannu. In bai ɗaga ba, kafin yamma duk ƙauyen sun ji. Tumaki kuma su ke da hanya, ba sa matsawa. In iska ta kwanta akwai wasu ƙwari da ba su kai sauro ba amma sun fi shi mugunta, kada ya tsaya, ya yi ta tuƙi. Kuma ranar Lahadi ya jingine keken. Mutanena ko shanya ba sa yi ranar.”

“Ashe ku ma kuna da masu hana mutane sakat,” na ce.

Ta yi dariya har tana tari. Na ji raina ya ɗan yi sanyi. Wurin da ta siffanta bai yi kama da inda ake ɓoye budurwa ba, ya fi kama da inda ake kai mutum ya yi tuba. Sai na sa yatsa a ɗan tsinin da Gali ya ce.

“Wannan fa? Ya ce an ce yana da kyau.”

Dariyar ta tsaya. Ta gyara tabarau.

“Wa ya ce masa? Keke na bi, ba nisa. Amma hanyar nan a bakin wata ƙofar ƙarfe ta ƙare. Wajen aiki ne, sabo, ana ƙera manyan ƙarafan da ake kafawa a teku don haƙo mai. Mu ma mun sami namu fetur ɗin, kin sani. Ɗan 'yar'uwata a can yake. Suna ɗibar ma'aikata daga ko'ina.” Ta kalle ni. “Ba wanda ke zuwa can hutu.”

“Wataƙila don abokinsa injiniya ne. Har fitila ya saya saboda tafiyar.”

“Fitila? Yaushe zai tafi?”

Na lissafa mata watan da na Turawa, ƙarshen Yuni.

“A watan nan dare ba ya yi a garinmu, Zaituna. Ana iya ɗinki a waje lokacin da Riyad ta daɗe da yin barci. Fitilar keke ta lokacin sanyi ce, sa'ad da masu aiki ke fita cikin duhu su dawo cikin duhu.” Ta ninke taswirar a hankali ta miƙo mini. “Ƙila bai sani ba ne. Baƙo ne.”

Ƙila. Na riƙe wannan ƙilar hannu bibbiyu har mako ya ƙare. Na ce wa kaina mutumin da ya girma inda magariba ke faɗowa kamar an kife ƙwarya, ina zai san akwai ƙasar da rana ke ƙin tafiya? Na jefar da Baturiya mai jan gashi, amma abin da ya maye gurbinta ya fi ta nauyi. Gali ya kira sau biyu, na ce wa mai karɓar baƙi ta ce ina ɗakin haihuwa.

Dole in gaya muku dalilin tsorona, don kada ku ce na cika zargi. A aikin nan na ga matan da mazansu suka fita da bizar fita da dawowa ba su dawo ba. In wa'adin ya wuce, iƙamar mijin ta mutu, ta matar ma ta bi ta. Na san wata mata mai suna Balaraba, 'yar Damagaram, da ta haihu a ɗaki ita kaɗai saboda tana tsoron a tambaye ta takarda a bakin asibiti. Sai da jini ya ƙi tsayawa aka kawo ta a bayan motar ɗaukar kaya, ni na fassara mata tambayoyin likita tana riƙe da hannuna. Irin waɗannan matan ba sa zuwa kasuwa, ba sa leƙa taga in sun ji mota ta tsaya, don tsoron kada ta 'yan sanda ce.

Ranar Juma'a bayan masallaci Kawu Abdulmuttalib ya zo cin abinci kamar kullum. Ƙanen Inna ne, ɗalibi a kwalejin shari'a, mutumin da ko gishiri zai roƙa sai ya kawo hujja daga littafi. Inna ta dafa shinkafa da naman rago irin ta Larabawa, ta yi tuwo da miyar kuka a gefe don Baba ya ce cikinsa bai san Larabci ba. Baba ya ci ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Ina kwashe kwanuka Kawu yana wanke hannu ya ce:

“Zaituna, Allah ya yi miki zaɓi. Yaron nan Gali mai kula da addininsa ne, ma sha Allah. Shekaranjiya ya same ni har makaranta da mas'aloli.”

“Na me, Kawu?”

“Na ƙasar da zai je. Ya ce an gaya masa jan sararin magariba ba ya ɓacewa a can da bazara, to yaushe isha'i ke shiga? Mas'ala ce mai daɗi, malamai sun yi saɓani.”

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Ashe ya sani. Ya san dare ba ya yi, ya kuma sayi fitila.

“Sai kuma azumi,” Kawu ya ci gaba yana goge gemu. “Yadda mutum zai yi in yini ya yi tsawo yana kuma aikin ƙarfi. Na ce masa ai matafiyi yana da rangwame, ya sha ya rama. Ya ce a'a, hukuncin mazauni yake so, ba na matafiyi ba. Kin ga tsantseni. Samarin yanzu rangwame suke nema, shi kuwa...”

“Kawu, azumi ai sai bayan Sha'aban.”

“Na'am.”

“Shi kuwa ya ce kafin Sha'aban ya dawo.”

Kawu ya saki gemunsa. Duk karatunsa bai hango inda na dosa ba sai a lokacin. Ya ɗauki hularsa ya ce yana da muraja'a, wato bitar karatu, ya fita ko shayi bai tsaya sha ba.

Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Gali ya iya kallon labulen da nake bayansa ya shirya mini zance, amma bai iya yarda ya sha azumin kwana ɗaya ba bisa ƙa'ida ba. Tsoron Allahnsa ne ya tona shi, kuma ni ban samu ko ɓurɓushin tsoron nan ba.

Da la'asar ƙararrawar keke ta yi ƙara a lungu. Ban sauya kaya ba, da zanen girkina na zauna a bayan labule, hannuna na warin albasa. Baba ya amsa sallamarsa ya fita tsakar gida yin alwala. Na tura taswirar ta ƙasa.

“Ga hanyoyinka. Ta ce ka fara daga kudu, ka ɗaga wa direbobi hannu, ka bar wa tumaki hanya.”

“Allah ya saka. Ɗayar fa?”

“Keke na bi. Ba nisa daga gari, za ka riƙa isa aiki da wuri.”

Ina jin ruwan butar Baba na zuba a waje.

“A ina za ka yi azumin bana, Gali?”

Ya matso har ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin labule.

“Ki saurare ni. A nan ni direba ne har in mutu, fasfona a aljihun teburin wani. Mista Morison ya bar kamfanin nan, can ya samu aiki, ya ce zai shigar da ni in koyi walda. Shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu. In dawo da sana'a a hannuna, ko in ɗauke ki.”

“Kafilinka ya san haka?”

“Da ya sani da bai sa hannu ba.”

“To in wa'adin dawowarka ya wuce, takardata fa?”

“Mista Morison ya ce zai san yadda za a yi.”

“Zai san yadda za a yi,” na maimaita. “Ni kuma kafin ya sani ina ina?”

“Wajen Gwaggo Hajjo a unguwar Oud. Ƙanwar babana ce, ba za ta bari ki wulaƙanta ba.”

“Za ta ara mini iƙamarta in je aiki? Ko ita za ta tsaya in mota ta tsaya a ƙofa?”

“Da na gaya miki ba za ki yarda ba, Zaituna.”

“Shi ya sa ake tambaya ai.”

“Hanyoyin nan da Sista ta zana ba ƙarya ba ne, zan bi su. Wata rana ma tare da ke, in sha Allahu, ki ga farin rairayin da Mista Morison ke ba ni labari da idonki.”

Da ya yi shiru da ya fi masa. Ina son mutumin nan, a lokacin ma ina son sa, kuma son ne ya sa abin ya yi zafi haka. Na ji takun Baba yana dawowa, na ji ya zauna, na ji ƙarar kofi yana zuba shayi.

“Don Allah,” Gali ya ce da raɗa, “ki bari mu yi magana tukuna.”

Ban taɓa shiga ɗakin nan Gali na ciki ba. Ranar na ɗaga labulen na shiga, ba mayafin kirki a kaina. Gali ya sunkuyar da kai. Baba ya tsaya da kofi a hannu, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba.

“Baba, Gali ba hutu zai je ba. Aiki ya samu, ba zai dawo kafin azumi ba, ba zai dawo bana ba.”

Na zaci Baba zai juya kan Gali. Na ma shirya in shiga tsakani in abin ya yi tsanani, don wauta irin tawa. Bai ko dube shi ba. Ni ya duba.

“Wa ya gaya miki?”

Bai ce me kika ce ba. Ya ce wa ya gaya miki. Na dafa keken ɗinki.

“Baba, ka sani?”

Ya kurɓi shayinsa ya ajiye. “Yaron nan ya zo mini da gaskiyarsa tun watan jiya. Ni na ce ya bari sai an ɗaura. Neman na kai ba laifi ba ne. Mace ba a ba ta labarin tafiya tun da nisa, sai ta cika gida da kuka. Haka na yi wa uwarki da zan taho nan, na ce mata Kano za ni sayen zare. Ga ta nan, ba ta mutu ba.”

“Ban mutu ba, Malam.”

Inna ce a bakin ƙofa, da ludayi a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba, kuma ban taɓa jin ta yi wa Baba magana da wannan muryar ba.

“Ban mutu ba, amma na binne ɗana na fari ba ka nan, ban ma san inda zan aika a gaya maka ba. Ni a cikin dangina ka bar ni. Ita a cikin wa za ka bar ta?”

Baba ya kau da kai ya tsura wa bango ido. Na ɗauka zai sauko. Na matsa na durƙusa a gabansa kamar yadda nake yi ina ƙarama in ina son ya ɗinka mini rigar salla.

“Baba, in haka ne ni na fasa zama. Zan bi ku Katsina. In ya dawo ya same ni a can.”

Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa har sai da na kasa kunne.

“An riga an kai takardun fitarmu tun makon jiya, ni da uwarki. Naki sunan an ware shi, yana jiran ɗaurin aure.”

A waje aka fara kiran yara su shigo gida. Na dubi Gali, taswirar na kan cinyarsa ya danne ta da hannu. Na dubi Baba. Kowannensu ya riga ya san hanyar da zai bi ya fita daga Riyad, ni kaɗai ce ba a nemo wa hanya ba.